Bayan santsi ya kwashe ni a hanyar Zariya: asibiti, caji ofis, inshora da gareji

A watan Agustan 2024, wata Talata bayan la'asar, ana tsaka da ruwan sama, na daki bayan wata Golf ta haya a hanyar Kano zuwa Zariya, tsakanin Kura da Kwanar Ɗangora. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma wata fasinjar Golf ɗin ta karye a tsintsiyar hannu, motoci biyu suka lalace, kuma sai da na yi mako bakwai ina sintiri kafin maganar ta mutu. Rabin wahalar da na sha ta rashin sanin abin da ake fara yi ce da abin da ke biye da shi, shi ya sa zan jero komai yadda ya faru. Kuɗaɗen da zan ambata su ne abin da na biya a lokacin, kada kowa ya ɗauke su a matsayin farashin yau.

Laifin nawa ne, gara in fara da wannan. Motata Corolla ce ƙirar 2005, irin wadda ba ta da birkin ABS, mai hana taya ƙullewa in an taka birki da ƙarfi, kuma ina gudun kilomita 95 a awa. Doka ta yarda ƙaramar mota ta kai 100 a babban titi mai hannu biyu, sai dai wannan lissafin busasshiyar kwalta ne. A gudun 95 mota tana cin mita 26 a kowace daƙiƙa, ni kuwa tazarar da na bari tsakanina da Golf ɗin ba ta fi tsawon mota uku ba. Direban ya hango ruwa ya kwanta a gefen da manyan motoci suka lotsa kwalta, ya rage gudu, ni kuma na danne birki gaba ɗaya. Tayoyina huɗu suka ƙulle, sitiyarin ya saki a hannuna kamar an kwance shi daga jikin motar, ƙarar kwalta ta ɗauke, sai sululu har cikin but ɗinsa. Abin da ke jawo haka shi ne, zanen taya aikinsa kore ruwa daga ƙarƙashinta. Idan zanen ya cinye ko gudu ya yi yawa, ruwan ba ya samun hanyar fita, sai tayar ta hau kansa ta rabu da ƙasa. A wannan hali ba birki ba sitiyari.

Minti talatin na farko a bakin titi su ne suka fi komai tasiri a kan sauran makonnin. Na kashe mota, na kunna sigina ta ɓangare biyu, na ɗauko alamar nan mai kusurwa uku na kai ta can baya, kimanin taku sittin, domin a cikin ruwa wanda ke tafe ba zai gan ka da wuri ba, kuma shi ma santsin yana jiran sa. Fasinjojin Golf suka fito suka tsaya a tsakanin motocin biyu suna duba ɓarna, wurin da ya fi ko'ina haɗari. Da ƙyar muka mai da su can gefen hanya. Na kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, kuma kyauta ake kiran ta. Akwai kuma 112. Tambayar farko da aka yi mini ita ce ina ne daidai wurin, don haka ka nemi sunan ƙauyen da ke kusa ko wani gidan mai kafin ka kira, sannan ka faɗi ko hannun zuwa Zariya ne ko na komawa Kano. Kafin su iso na ɗauki hotuna da waya: motocin biyu yadda suke a tsaye kafin a taɓa su, lambobinsu, fasassun fitilu a ƙasa, ruwan da ya kwanta a titi, da bayan Golf ɗin daga kusurwa uku. Na kuma karɓi lambar wayar fasinja biyu. Waɗannan hotunan su suka cece ni daga baya, a wurin da ban zata ba.

Direban dattijo ne, ya fito ransa a ɓace, jama'a kuma sun fara taruwa. Abin da ya kashe wutar shi ne na fara tambayar lafiyar mutanensa kafin in kalli motata. Na ce, "Baba, sannu, mu fara duba baiwar Allahn nan, ƙarfe ana gyara shi." Ya dube ni ya ce, "To ɗana, tunda ka san haka, Allah ya tsare gaba." Amma a nan na yi kuskuren farko, domin a gaban mutane na ce masa duk abin da ya lalace ni zan gyara. Tausayi ne da gaskiya suka sa na faɗa, sai dai takardar inshora ta hana ka ɗaukar alkawarin biya kafin kamfani ya sani. Ba ina cewa a yi ƙarya ko a yi musu ba. Ya isa ka ce, "Ina da inshora, ba zan gudu ba, mu je a rubuta komai."

Matar tana riƙe da hannunta na dama, ya kumbura, tsintsiyar ta ɗan karkace. Wani ya kawo shawarar a ja hannun ya koma wurinsa, jami'in kiyaye haɗurra da ya iso bayan kamar minti ashirin da biyar ya hana. Ya samu kwali ya naɗe, ya tallafe hannun da shi, ya ɗaure da mayafinta zuwa wuya. Ya kuma hana a ba ta ruwa ko abinci, saboda ko za a bukaci yi mata aiki. Su suka ɗauke ta zuwa babban asibitin da ya fi kusa, suka rubuta lambobin motoci da sunayenmu, suka sanar da 'yan sanda tunda akwai rauni. 'Yan sandan sashen kula da haɗurran mota suka zo da tef, suka auna daga gefen kwalta zuwa kowace taya, suka zana taswirar wurin a takarda, ni da direban muka sa hannu. Ka karanta zanen nan da kyau kafin ka sa hannu, ka tabbata an nuna inda kowace mota take da hannun da take bi, don shi ne ginshiƙin rahoton da za a rubuta. Daga nan aka kira janwe ta ja motocin zuwa caji ofis, naira 30,000 kowace mota, ni na biya duka biyun. Mai janwe ba ya yawo da rasit, sai na sa ya rubuta a takarda ya sa hannu da lambar motarsa.

Da magariba na isa asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, kuma an karɓe ta ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, amma kayan aiki da magani dole wani ya saya. Kati 2,000, hoton ƙashi 8,000, simintin ɗori da allurai da magunguna 35,000. Mijinta ya iso da niyyar ɗauke ta zuwa wurin mai ɗorin gargajiya a ƙauyensu. Na roƙe shi ya bari a gama a asibiti, kuma dalilaina biyu ne. Hoton ya nuna ƙashin ya goce, yana bukatar a daidaita shi a sake ɗaukar hoto a tabbatar ya zauna. Sannan kamfanin inshora ba ya biyan jinyar da ba ta da rahoton likita da rasit, mai ɗori kuwa ba ya ba da ko ɗaya. Ya amince. Duk takardar da aka miƙo mini a daren nan, har ta kantin magani, na ɗauke ta hoto nan take na sa a leda, domin tawadar rasit ɗin inji tana gogewa cikin 'yan makonni.

A daren ne kuma na koma caji ofis. Tunda akwai wadda ta ji rauni, ba a sallame ni haka nan ba, sai da yayana ya zo ya tsaya mini, ya ajiye hoton fasfo da kwafin katin shaidarsa, ya sa hannu cewa zai kawo ni duk lokacin da aka neme ni. Beli a hannun 'yan sanda kyauta ne a doka. Washegari da ƙarfe tara na dawo don ba da bayani, na zauna a benci har kusan sha biyu saboda jami'in da ke riƙe da fayil ɗin ya fita wani haɗarin. An nemi lasin tuƙi, lasin mota, takardar shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, da takardar inshora. Ka je da kwafi uku na kowacce, ka nuna na asali, ka bar musu kwafi. Wajen bayani an ba ni zaɓi in rubuta da hannuna ko in faɗa a rubuta. Na rubuta da kaina. Ka taƙaita ga abin da ka gani da abin da ka yi: lokaci, wuri, yanayin sama, gudunka, abin da motar gaba ta yi, abin da kai ka yi. Idan wani ne ya rubuta maka, ka ce, "Yallaɓai, a karanta mini tukuna," kuma kada ka bar sarari tsakanin layin ƙarshe da sa hannunka.

Ranar Alhamis jami'in duba lafiyar motoci, VIO, ya zo harabar. Ba a sakin mota kafin ya gan ta, kuma ba a yarda ka taɓa komai a jikinta. Ya taka birki ya ji ƙarfinsa, ya duba man birki, ya juya sitiyari, ya gwada waifa da fitilun da suka rage, sannan ya tsuguna a gaban tayar baya ta hagu ya goge laka da babban yatsa. Ya nuna mini lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye a gefen tayar, 3216. Ya ce, "Malam, ka san ma'anar wannan?" Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: an ƙera ta a mako na 32 na shekarar 2016. Shekararta takwas, ni kuwa watanni goma da suka wuce na saye ta a matsayin 'yar Beljiyam mai kyau. Ya sa farce a cikin zanen ya nuna mini wani ɗan tudu da ke kwance a tsakiyar ramin. Idan fuskar taya ta zo daidai da tudun nan, saura milimita 1.6, ta gama aiki ke nan. Sabuwar taya tana zuwa da kusan milimita 8. Tawa ta baya ta shafe da tudun, robar kuma ta bushe ta yi ƙananan tsaga. Ya duba fitilun birkin Golf ɗin ma, ya haɗa waya ya ga suna kamawa, don haka ba ni da abin cewa ta wannan ɓangaren. Na ji nauyi ƙwarai a wurin nan, don na san da hannuna na zaɓi tayar saboda rangwamen 'yan dubbai.

Sai ranar Asabar na tuna da kamfanin inshora, na kira su Litinin, kwana shida bayan haɗarin. Wannan shi ne kuskure na biyu. A ranar ya kamata, ko washegari, kuma a rubuce. Kafin ka kira, ka fara tabbatar da takardarka ta gaske ce ta hanyar sa lambar motarka a rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, a intanet. Idan lambar ba ta fito ba, takarda ce kawai wani ɗan kamasho ya buga maka, kuma irinta ta cika gari. Tawa ta fito, domin kai tsaye na biya kamfani. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM, mai kula da kamfanonin inshora, ta mai da kuɗin ƙaramar inshorar motar gida daga 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da za a iya biyan wanda ka yi wa ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Duk wanda ya ce zai yi maka ita a 5,000 yau, ka san abin da yake sayar maka. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne wannan inshorar ta wanda ka buge ce, motarsa da jinyarsa. Motarka ba ta ciki ko da ƙusa ɗaya, sai in babbar inshora ka yi.

A ranar Litinin ɗin aka zauna sulhu a ofishin jami'in da ke riƙe da fayil ɗin. Akwai ni da yayana, direban, mijin matar, ciyaman na tashar da Golf ɗin take lodi, da mai motar, wanda sai a ranar na san ba direban ba ne. Wannan yana da muhimmanci, domin sunan da ke kan takardun mota shi ne mai ikon sa hannu a kan karɓar diyya, ba wanda ke tuƙa ta ba. Aka kawo maganar balas, kuɗin da direba ke kai wa mai mota kullum. Ciyaman ya ce 8,000 ne a rana, kuma ga shi direban ma ya rasa abin kai wa gida. Muka daidaita a kan 100,000 dunƙule, ko gyara ya yi sauri ko ya ja. Ka nace a kan dunƙulallen adadi, don in ka yarda da lissafin kullum, duk ranar da fanalbita ya yi nawa kai za ka biya. Aka rubuta yarjejeniya: gyaran Golf a gareji ɗaya da muka amince da shi, jinyar matar har a cire siminti, kuɗin zaman mota, da cewa bayan waɗannan babu sauran wata bukata. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu suka sa, mijin matar da mai motar suka rubuta takardar janye ƙorafi. Washegari aka saki motocin. Wannan hanyar tana yiwuwa ne saboda raunin bai yi tsanani ba. Inda aka rasa rai, maganar kotu ce, yafiyar dangi ba ta rufe fayil da kanta. A ranar kuma na rubuta takardar neman rahoton 'yan sanda, ya fito bayan kwana tara. Ka nema da wuri, kamfani ba ya motsi sai da shi.

Kamfanin ya turo fom, ya nemi rahoton 'yan sanda, kwafin lasina da takardun motocin biyu, hotuna, kiyasin gyara daga gareji a kan takarda mai hatimi, wasiƙar neman diyya daga mai Golf, rahoton likita da rasit. Suka ce kada a taɓa Golf ɗin sai injiniyansu ya gan ta. A nan kuskure na uku ya same ni, domin na riga na ba fanalbita kafin alƙalami, saboda tausayin direban da ke zaune ba aiki. Da injiniyan ya zo bayan kwana huɗu, an cire bamba da murfin but, an fara buga bayan motar. Abu biyu suka hana maganar rushewa: hotunan bakin titi masu ɗauke da ranar da aka ɗauke su, da tsofaffin kayan da na ce a ajiye a gefe kada a sayar wa 'yan gwangwan. Ya jera su a ƙasa yana duba kowanne da kiyasin. Daga 420,000 da gareji ya rubuta, ya amince da 310,000. Ya cire fentin ƙofofin gaba da wani shokazoba da ya ce tsohuwar lalacewa ce, kuma da gaskiyarsa. Kuɗin asibiti sun amince da duk abin da ke da rasit. Balas da janwe daga aljihuna suka fita. Aka turo takardar tayi, sannan takardar sallama wadda mai motar ya sa wa hannu, tare da wasiƙarsa cewa a biya ni tunda ni na riga na biya gareji. Kuɗin ya shigo asusuna a mako na bakwai.

Tawa motar janwe ta kawo ta Kano a kan 70,000. Gyaran gaba yana da tsari, kuma in aka saɓa shi sai an yi aiki biyu. A fara ja ƙarfen gaba a auna shi ta kusurwa da kusurwa har tsawon biyun ya zo ɗaya, sannan a ɗaura lagireto da fanka da kwandansa, sannan makaniki ya duba ƙafa, wato tayarod da loya'am, kafin a zo kan bonet da bamba da fitilu, fenti a ƙarshe. Ni da makanikina muka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa muka sayi kayan da kanmu, muna riƙe da tsofaffin don gwadawa. Duka ya ci 640,000, ban da taya. Bayan alaimen, wato saitin tayoyi, ka hau titi mai kyau ka sassauta riƙon sitiyari kaɗan a gudun 60; in motar tana ja gefe ɗaya, mai yiwuwa ƙarfen bai miƙe ba, ka mayar kafin ka cika kuɗin aiki.

Taya huɗu sababbi na saya, 62,000 kowace, kuma na karanta lambobin nan huɗu a jikin kowacce kafin mai faci ya ɗaura. Wanda kuɗinsa bai kai na huɗu ba, ya sayi biyu ya sa su a baya, ko da motar da gaba take ja, domin in gaba ya zame kana iya gyarawa da sitiyari, in baya ya zame motar juyawa take yi. Kada kuma ka yarda da masu cewa a rage iska da damina don taya ta kama ƙasa. Taya mai ƙarancin iska ta fi saurin hawa kan ruwa. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A cikin ruwa yanzu ba na wuce 60 zuwa 70, ina kunna fitilar gaba da na'urar sanyaya mota don gilashi kada ya yi hazo, kuma ina ƙirga daƙiƙa huɗu tsakanin lokacin da motar gaba ta wuce wata alama da lokacin da ni zan iso ta. Ruwan farko bayan an daɗe ba a yi ba ya fi santsi, saboda yana taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta. In ka ji sitiyari ya saki, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe shi a miƙe, kada ka fizga, har tayoyin su sake taɓa ƙasa. In dole sai ka yi birki, mai ABS ya danne ya riƙe ko da feda tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Marar ABS irin tawa ya taka ya saki, ya taka ya saki, kada tayar ta ƙulle.

An cire wa matar siminti bayan mako shida, aka sake hoto aka ga ƙashin ya haɗe, likita ya rubuta mata motsa hannu na wata guda. Na biya wannan zuwan ma, 11,000, na kai kwafin rasit ɗin caji ofis aka haɗa da yarjejeniyar, jami'in ya rubuta a bayan fayil ɗin cewa an cika duk sharuɗɗa, ya ba ni kwafi mai hatimi.